Jawabin Maraba ga Sakataren Zartarwa na Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Masu unguwanni, limamanmu, Allah ya gafarta malam, iyayenmu mata da ke zaune bayan rumfa, da matasanmu da suka kwana suna jera kujeru, ina yi wa kowa sallama irin ta addinin Musulunci.

Ranka ya daɗe, a madadin mutanen wannan unguwa ta cikin ƙwaryar birnin Kano, muna yi maka lale marhabin. Mun saba ganin motocin hukumarka bayan mai aukuwa ta auku, ɗauke da shinkafa da katifu da kwanon rufi, kuma ba mu manta da alherin ba. Yau kuwa ka tako ƙafarka babu gidan da ya ƙone, babu katangar da ta faɗi. Wannan zuwan ne muka daɗe muna fata.

Kanawa sun san masifa da idonsu. Dattawan da ke layin gaba suna tuna watan Agustan 1988, lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A watan Maris na 2016 wuta ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari, ta cinye dubban shaguna. A Agustan 2022 ruwan sama ya shiga Kantin Kwari, 'yan uwanmu suka yi ta fito da shadda da atamfa suna shanyawa, wasu har yau ba su mayar da jarinsu ba. Da dam ɗin Alau ya fashe a Satumbar 2024, muka ga mutanen Maiduguri suna ratsa ruwa da yara a wuya, babu wanda bai tambayi kansa ba, in da nan ne fa?

Amma bari in kawo maganar gida. Wani sanyi da ya wuce, wajen ƙarfe biyun dare, aka dawo da wutar lantarki a lungun da ke bayan masallacin nan. An manta da hita a cikin bokiti tun da yamma. Kafin masu gida su farka, labule ya kama, ya miƙa wa silin. An kira 'yan kwana-kwana, sun kuma zo, sai dai motarsu ta tsaya a bakin titi, domin lungunmu ko Adaidaita Sahu da ƙyar take shiga. Samari ne suka fito da bokitai, masu kurar ruwa suka zazzage jarkokinsu babu wanda ya nemi ko sisi. Wani yaro ya watsa ruwa a kan waya, wuta ta ja shi ta yar, saboda ba wanda ya tuna a fara cire kat'awut. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata gyatuma da ke ƙuryar ɗakin baya, kunnenta ya yi nauyi. Sai da aka fito ana ƙirga mutane wata maƙwabciya ta ce, "Ina Iya?" Allah ya sa da sauran kwananta.

Tun daga daren nan muka gane cewa duk kyawun shirin gwamnati, maƙwabci ne ke fara isowa. Yana da zuciyar taimako, abin da ya rasa shi ne sanin yadda ake yi. Da yawa cikinmu ba su san wutar mai ko ta fetur ba a kashe ta da ruwa, sai da yashi ko a rufe ta da jiƙaƙƙen bargo. Tukunyar gas ta shiga kusan kowane gida, amma ba kowace uwargida aka gaya wa ba cewa in ta ji warinsa ta buɗe tagogi, kada ta taɓa makunnin fitila. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktobar 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu wajen ɗibar mai daga tankar da ta kife, ya isa ya sa mu zaunar da 'ya'yanmu.

Batun ruwa kuma, laifi tudu ne, gara mu fara da namu. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina. Mun cike su da shara, mun yi gini a kai. Ledar fiya-wata ta toshe kwatocin da ke gangarawa Jakara. Ruwa ya rasa hanya, sai ya kwanta a gindin katangar ƙasa har ta jiƙa ta zube a kan masu barci, ya kuma haɗa masai da rijiya, amai da gudawa su biyo baya.

Ba mu zauna jira ba. Bana mun yi gayyar yashe kwata kafin ruwan farko. Mun rubuta lambar kiran gaggawa ta 112 a bangon zauren mai unguwa. Mun ɗauki sunayen tsofaffi da masu lalura lungu-lungu, kowanne da saurayin da aka ɗora wa alhakinsa. Mun roƙi magidanta su haɗa takardar gida da ta makarantar yara da katin asibiti a leda ɗaya, a wurin da hannu zai kai ko a duhu. Liman ma ya yi huɗuba a kan umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa kada a bar wuta a gida lokacin barci, ya kuma amince lasifikar masallaci ta zama ta shela in an shiga gaggawa.

Ga kokon bararmu, ranka ya daɗe. A turo mana masu horo su koya wa matasanmu taimakon farko da sarrafa tukunyar kashe gobara. A ware wa mata nasu zaman, da malamai mata, domin da rana su ne a gida tare da yara da murhu. Sannan hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da na ambaliya da hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ke bayarwa, a riƙa juya su zuwa Hausa mai sauƙi, a aiko wa masu unguwanni da limamai da gidajen rediyo tun kafin hadari ya haɗu.

In an tashi daga nan, muna roƙon ka ɗan taka tare da mu zuwa lungun da na ambata, ka ga faɗinsa da idonka, ka ga inda ruwa ke tsayawa. Iya ma tana can ta shimfiɗa tabarma tun safe, ta ce lallai sai ta gaisa da kai.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.