Yaron da ciwo ya kusa kashewa ya zama malamin yoga

Jama'a an yi wani dattijo mai cikar gashin gira da kan kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama, malamin yoga ne, wato salon motsa jiki da sarrafa numfashi na Indiya, sunansa B.K.S. Iyengar, kuma da kun gan shi yana yaro wallahi ba za ku ce zai yi tsawon rai ba.

A 1918 aka haife shi a ƙauyen Bellur can kudancin Indiya, ana tsakiyar annobar mura. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, taifot ya kama shi, tarin tibi ma bai ƙyale shi ba, hannaye sirara ciki ya fito. Yana ɗan shekara 15 mijin yayarsa Krishnamacharya, wanda ke koyar da yoga a fadar sarkin Mysore, ya ɗauke shi ko jikin zai ɗan yi ƙwari.

Toh ga inda labarin ya fi taɓa ni. 1937 aka tura shi garin Pune wai ya je ya koyar, shi da bai gama warkewa ba, turancinsa ma da ƙyar, ɗaliban sun fi shi jiki sun fi shi ƙarfi. Dole ya riƙa kwashe awanni yana gwada kowane motsi a jikinsa kafin ya tsaya gaban aji, yana lura da inda ke masa zafi da inda numfashi ke tsayawa, a haka koyarwar ta riƙa gyara shi kansa. Kuma da yake ya san ɗacin ciwo, in mai ciwon baya ko tsoho ya zo ba ya ce masa ba za ka iya ba, sai ya kawo bulon katako ya sa masa ƙarƙashin hannu, ya naɗe bargo, ya ɗaura igiya a bango, ya jawo kujera. Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam ta kai shekara 80 lokacin da ya koya mata tsayuwa da ka.

Shi a wajensa lanƙwasa jiki mataki na 3 ne cikin matakan yoga 8 da wani masanin Indiya mai suna Patanjali ya tsara tun zamanin da. Na farko hali ne, kar ka cuci kowa, kar ka yi ƙarya, kar ka yi sata, sai daga baya a zo kan sarrafa numfashi da tattara hankali wuri guda.

Na san wasunku na tambayar addini fa, kuma tambayar tana kan hanya domin tushen abin yana haɗe da addinin Hindu. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga mai haɗe da addu'o'i da waƙe-waƙen bauta, shi ya sa wasu ke ɗaukar miƙe jiki da numfashin kawai su bar sauran.

Iyengar ya rasu a Pune a 2014 yana da shekara 95. Makarantar da ya buɗe a 1975 da sunan matarsa Ramamani tana nan har yau, igiyoyin na rataye a bango, masu ciwon gwiwa da ciwon baya na zuwa ana koya musu.