Amsoshin Tambayoyinku: tukunyar ko-ta-kwana ta masu nutso

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barka da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Maradi. Yau jakar wasiƙun tamu ta zo da abin da ban zata ba, mu da ruwanmu bai wuce Gulbi in damina tayi da tafkin Madarunfa ba, sai ga tambaya har uku duk kan shiga ƙarƙashin ruwa. To bismillah.

Ta farko wani ƙanenmu ne ya rubuto daga Bagalam. Yace yayanshi yana aiki wajen masu nutso a Dahab, can ƙasar Masar bakin Bahar Maliya, ya turo mishi hoto ta WhatsApp yana goye da wata na'ura wadda wai numfashin da ka fitar take wankewa ta maido maka, mutum sai ya kwashe awa biyu awa uku a ƙasan ruwa. Amma kuma ga wasu manyan tukwanen gas biyu rataye a haƙarƙarinshi. Yace malam in dai na'urar na wannan aikin to kayan nauyin nan na mene ne, ko dai burga ce?

Ba burga ba ce ƙanena, waɗannan tukwanen su ne ranshi. Ita na'urar maimaita numfashi yadda take aiki, iskar da ka fitar ba ta tafiya cikin ruwa ta zama kumfa, zagayawa take ta bi ta cikin wani gwangwani mai cike da farar tsakuwa-tsakuwa ta sinadari, shi ke shanye iskar kabon ɗin da jikinka ya fitar, sannan wata ƴar tukunya ta ɗiga oksijin kaɗan ta cike gurbin wanda ka ƙone, akwai kuma ƴan ma'aunai yawanci guda uku da ke duba ko oksijin ɗin yayi daidai. Dabara ce tsohuwa, tun 1878 wani Bature ɗan Ingila Henry Fleuss ya ƙera irinta. Matsalarta ɗaya, in ta lalace ba ta sallama. Tukunyar nutso ta gama-gari in iska ya ƙare ka ja ka ji babu, ka san inda ka kwana. Wannan kuwa kana ta numfashi lafiya lau huhunka na cika yana sauka alhali abin da kake shaƙa ya zama guba, ko oksijin yayi ƙasa ka sume ba tare da ka ji komai ba, ko yayi yawa ya kayar da kai kamar mai farfaɗiya, ko kabon ya taru. Wani lokaci ma ruwa ne zai shiga gwangwanin ya jiƙa sinadarin ya kwararo maka baki, yana ƙuna kamar ruwan soda na masu sabulu. Duk wanda ya faru cikin waɗannan magani ɗaya ne, ka bar na'urar ka koma tukunyar da ba ta da wata alaƙa da ita. Ita ce nake ce ma tukunyar ko-ta-kwana.

Tambaya ta biyu ita ta fi cin lokaci, wani ɗan makaranta ne daga unguwar Zariya, yace yana karatun kimiyya, yana so ya san yadda ake zaɓen girman tukunyar da irin iskar da ake zubawa, ko kowa abin da ya ga dama yake ɗauka.

Ɗana ɗauko alƙalami. Duk mita 10 da ka nutse nauyin ruwa na ƙara maka matsi kwatankwacin na iskar duniya ɗaya, kenan a mita 40, in ka haɗa da ɗayan da ke kanka tun a saman ruwa, matsin ya ninka biyar, kuma duk shaƙa ɗaya da kayi ka ci na shaƙa biyar. Tukunyar alminiyom da suka fi ratayawa tana cin lita 11, in an ɗura ta zuwa bar 200, wato matsin iskar duniya kusan sau 200, iskar ciki ta kai wajen lita 2200. Mutum a kwance da hankalinshi yana shan lita 15 zuwa 20 a minti. To amma wa ke komawa tukunyar ko-ta-kwana da hankali kwance? Wanda kabon ya buga haki yake kamar wanda kare ya koro, lita 40 a minti ba komai ba ce a wajenshi. Lita 40 sau biyar, 200 kenan a minti. Raba 2200 da 200. Minti 11 kacal, tukunyar da ka gani a hoto kace tayi girma. Ƴar ƙaramar tukunyar iska da ke jikin na'urar, ba ta oksijin ɗin ba, mai lita 3 kuwa lita 600 ce, minti uku ta tafi, shi ya sa wanda ya dogara da ita a wannan zurfin yaudarar kanshi yake.

Kuma ba wai ka taso da gudu ba ne kace ai minti 11 ya isa. Hawa ba ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti, kuma in ka daɗe a ƙasa jininka ya sha naitirojin, wato iskar da ta fi yawa cikin wadda muke shaƙa, dole ka riƙa tsayawa mataki-mataki yana fita a hankali, in ba haka ba ya tashi kumfa cikin jini kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe, daga nan sai shanyewar jiki ko mutuwa. Kun tuna Harrison Okene, mai dafa abincin nan ɗan Najeriya da jirginsu ya kife a teku a 2013, ya yi kusan awa 60 cikin ɗan sararin iska a zurfin mita 30? Ko da masu nutso suka same shi da rai ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki cikin wani ɗakin ƙarfe ana rage mishi matsi kafin ya ga rana. Kenan lissafin ana yinshi ne daga wuri mafi zurfi, a minti na ƙarshe, lokacin da bashin tsayawa ya fi yawa. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san wannan, jarkokin ruwa ba na kwanakin tafiya ake ƙirgawa ba, na kwanakin da mota za ta mutu tsakiyar rairayi ne.

Sai irin iskar. Nan ne dalilin tukunya biyu a hoton ɗan'uwanmu na Bagalam. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100, amma tun daga wajen mita 30 take fara sa maye tana kuma yin kauri, jan ta na wuya, saboda haka ta ƙasa ana gauraya ta da hiliyom mai sauƙi. Ta biyun mai oksijin kashi 50 ce, ba a taɓa ta sai an hauro mita 21, ita ke saurin wanke jini. Tsantsar oksijin kuwa iyakarta mita 6. In ka kuskure ka kai tukunyar sama baki kana ƙasa farfaɗiya ce, ita kuma ta can ƙasa sosai mai ƙarancin oksijin in ka shaƙe ta a saman ruwa suma ce. Shi ya sa za ka ga lamba ƙatuwa rubuce jikin kowace tukunya, iyakar zurfinta kenan, kuma kowa da hannunshi yake auna tashi kafin ya shiga, ba a cewa ai yaron shago ya duba.

Akwai masu cewa mu uku ne bari mu raba kayan, in ɗaya ya samu matsala sauran su miƙa mishi. Ana yi, musamman cikin kogunan dutse masu nisa inda mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar abin da ake buƙata ba. Ni dai a nawa ganin tukunyar farko wadda za ka kai baki cikin daƙiƙa biyar tilas ta zama a jikinka, guzurin da ke hannun wani ruwa na iya raba ku da shi. Wasu ma suna sa wani ɗan makunni a bakin na'urar, murɗawa ɗaya ka koma iskar ko-ta-kwana ba sai ka cire komai daga baki ba, domin mai haki ko daƙiƙa biyu ba ya iya riƙe numfashi ya canza, kuma kabon hankali yake fara ɗaukewa. Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, gwani ne na gaske, a Janairun 2005 ya sauka mita 270 cikin ramin Bushman mai cike da ruwa a Afirka ta Kudu don ɗauko gawar wani matashi Deon Dreyer da ta shekara goma a can, aiki yayi mishi yawa, igiya ta sarƙe shi, kabon ya taru, kyamarar da ke kanshi ta ɗauki yadda numfashinshi ke ta sauri har ya tsaya.

Ta ƙarshe daga wajen Tibiri, wani baba mai haƙar rijiya jikanshi ya rubuta mishi, yace in ya samu tukunyar oksijin irin ta asibiti zai iya sauka da ita yasar rijiya mai ruwa? Baba Allah ya ƙara maka lafiya, dan Allah a'a. Ka ji abin da na faɗa, tsantsar oksijin in ta wuce mita 6 cikin ruwa kayar da mutum take, kuma abin hancin nan na asibiti ba a yi shi don ruwa ba, ga shi in ta haɗu da maiƙo ko tartsatsi wuta ce. Abin da ya fi cin masu rijiya ma ba ruwan ba ne, mugun iskan da ke kwanciya a gindi ne, balle in an saukar da injin ban-ruwa mai fetur ciki, hayaƙinshi na kashewa. Inji ya tsaya a waje, igiya a ƙugu, mutane a baki. In wani ya faɗi a ciki kar na biyu ya bi shi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Mai kula da na'urori yana ta ɗaga min hannu, lokaci ya cinye. Hajiyar da ta rubuto daga Mokoyo kan tukunyar gas ɗin girki da take jin tana wari, kiyi haƙuri da ke za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu, amma kafin nan ki rufe ta ki fitar da ita tsakar gida tun yau. Wassalamu alaikum.