Lambar P0351 Ba Ta Ce a Sayo Kwayil Ba: Lacca Kan Wutar Inji

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai da masu wayarin, zancenmu na yau kan kwayil ne, wato na'urar da ke ɗaga wutar batir ta ba fulogi tartsatsi. Zan yi misali da Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE, tunda babu garejin da ba ta shiga.

Mota ta zo tana karkarwa a sulo, tana misin, an jona na'urar karanta matsala ta nuna lambar P0351. Nan take sai a aiki yaro kasuwa ya sayo kwayil. Wannan gaggawar nake so mu bari. Ku bambanta lambobi biyu: P0301 cewa take silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ko daga fulogi ne, ko nozul, ko ƙarancin matsi. Ita kuwa P0351 hanyar wutar kwayil na ɗaya take nufi baki ɗaya: shi kansa kwayil ɗin, da soket, da waya, har kwamfutar motar.

Ku fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ku yi musayar kwayil na ɗaya da na biyu, ku goge lambar, ku tayar da mota. In ta koma P0352, laifin ya bi kwayil, magana ta ƙare. In ta tsaya a P0351, kwayil lafiyarsa lau, sai a koma kan waya.

To a nan nake so ku natsu. Soket ɗin wayoyi huɗu gare shi. Ɗaya wutar batir, ɗaya atin, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, ɗaya IGT wadda kwamfuta ke ba kwayil umarnin harba wuta da ita, ta ƙarshe IGF wadda kwayil ke mayar da amsa cewa ya harba. Kwamfuta ba ta ganin tartsatsi, amsar nan kawai take jira. In ba ta samu ba sai ta rubuta lamba, ta kuma yanke mai don kada ɗanyen fetur ya ƙone tacen hayaƙin da ke cikin salansa.

Ku zare soket, ku murɗa makulli ba tare da buga kik ba. Wayar wuta ta nuna bolt 12 ko kusa da abin da batir ke da shi. IGF ta nuna tsakanin 4.5 zuwa 5.5. Atin kuma kada ku yarda da ƙarar mita kaɗai, domin wayar da ta tsinke saura zare ɗaya ma za ta sa mita ta yi ƙara. Ku mayar da soket, inji na aiki, ku auna tsakanin atin ɗin da kan batir mai alamar ragi. In ya wuce bolt 0.2, akwai tsatsa ko sako-sako a wani wuri. IGT kuma, don Allah kada a taɓa ta da gwajin ƙwan fitila na gargajiya, yana jan wuta da yawa, zai iya kashe kwamfuta. A sa mai LED, za ku ga yana ƙyaftawa in ana kik.

Wani abu da ke ruɗa mutane: wayar IGF ɗaya ce duka kwayil huɗun suke tarayya a kanta. Kwayil guda in ya haɗe ta da atin, sai ka ga P0351 har P0354 sun fito tare. Ba duka suka mutu ba. A zare su ɗaya bayan ɗaya ana auna IGF, wanda da an cire shi bolt 5 ya dawo, shi ne ɓarawon. Kuma irin wannan kwayil akwai na'urar kunnawa a cikinsa, auna om ɗinsa, wato turjiyar wutarsa, ba ya faɗa maka komai.

In an tabbatar kwayil ya mutu, a tambayi abin da ya kashe shi. Haska ramin fulogi da tocila. Baƙin mai kwance a ciki alama ce gasket ɗin murfin inji yana yoyo, mai yana jiƙa robar kwayil har ta ruɓe. Duba farin jikin fulogi: siririn baƙin layi kamar zanen fensir, nan wuta take zurarewa, sai an canja fulogi da roba tare. Sannan a auna bakin fulogi. Na wannan injin milimita 1.1 ne. In ya cinye ya buɗe, kwayil sai ya ƙara ƙarfi kafin wuta ta tsallaka, ya yi ta zafi har ya ƙone, kuma sabon da aka ɗaura a kan wannan fulogin haka zai ƙone.