Darasin Motsa Jiki: Ciwon Ƙugu da Dogon Zama

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da safiya. Yau maganar ƙugu za mu yi, musamman ku ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja daga Mararaba ko Kubwa. Ka sha zama a cunkoson Nyanya, ka iso Sakatariya ka sake zama gaban kwamfuta har La'asar, da yamma ka sunkuya cire takalmi ka ji ƙugu ya riƙe ƙam.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da wannan ciwo, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a gano wata cuta takamaimiya a tare da su. To mene ne ke ciwon? Ƙasusuwa biyar ne jere a ƙasan gadon bayanka, tsokar ciki da ta baya da ta mazaunai ke tallafe da su. In tsokar nan ta yi sanyi saboda rashin aiki, ɗan nauyi kaɗan ma sai ya gagare ta.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya kwanta kwana uku yana haɗiyar ƙwaya. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Tashi ka taka, ko da a tsakar gida ne. Hukumar ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki irin tafiya da ɗan sauri, wato minti 30 sau biyar. Masu zagayen tafkin Jabi da safe sun san daɗin abin. A ofis ma, kada ka aiki masinja, kai fayil ɗin da ƙafarka.

Amma ku saurara da kyau. In ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya dage ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, a bar atisaye, a nufi asibiti a ranar.

Sauran kuwa, a shimfiɗa tabarma. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Matse ciki kaɗan, ɗaga ƙugu sannu a hankali har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su yi layi guda. Kada ka riƙe numfashi. In ka ji suka, tsaya. Za mu ƙirga biyar mu sauke, sau goma. Bismillah, ɗaya, biyu...