Mu kai yaranmu Manhyia da tsohon sansanin soja

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, da ku samarin Zango, ina godiya da wannan gayyata.

Wa ya taɓa shiga gidan tarihin Manhyia, tsohuwar fadar sarkin Asante a nan Kumasi, a cikinku? Na ga hannaye kaɗan, alhali kullum muna wucewa ta gabansa a tirotiro, motar haya. Wasu cewa suke tarihin Asante ne, ba namu ba. Ni ban yarda ba.

Turawan Ingila suka gina gidan a 1925 saboda sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, bayan ya dawo daga tsibirin Seshel inda suka kai shi zaman dole. A 1995 aka mai da shi gidan tarihi. A 2024 kuma aka kawo aron kayan sarauta 32 daga Landan, ciki har da waɗanda Turawan Ingila suka kwashe a yaƙinsu da Asante na 1874. Aro fa, na kayan da aka ƙwace maka! Yaron da ya tsaya gaban gilashin nan zai tambaya: wa ya ɗauka, da wane iko? Wannan tambayar ita ce karatun, kuma haddar shekarun da abubuwa suka faru ba ta haifar da ita.

Ku dubi rigar yaƙin Asantehene, wato sarkin Asante, batakari mai cike da layu. Wa ke rubuta laya? Malamai Musulmi ne, kuma Baturen nan Bowdich ya tarar da su a Kumasi tun 1817. Sai ku gangara unguwar Adum, gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin Turawan Ingila. Da Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci mayaƙan Asante, ta kewaye sansanin a 1900, sojojin da ke ciki tare da gwamnan Turawan Ingila, da yawansu Hausawa ake kiran su. Abin ba daɗin ji, amma gara yaro ya ji daga bakinmu, da bayani, kafin wani ya gorantar masa a makaranta.

Abin da ya fi damuna yana cikin gidajenmu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami a kan garin Salaga da zuwan Nasara. Ana adana irin rubutunsa a Jami'ar Ghana da ke Legon. Mu kuwa takardun kakanninmu fataken goro suna cikin gafaka a ƙarƙashin gado, gara tana ci.

Malaman makarantun Islamiyya, ku sa ziyara ɗaya a kowane zangon karatu. Samari kuma, ku ɗauki hoton takardun nan da waya, shafi-shafi, ku kai wa wanda ya iya ajami tun yana da sauran gani.