Sankarar gaban mace da hauhawar kalshiyam a jini

Mai fama da sankarar bakin farji ta fara yawan ƙishirwa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, kwana uku ba bayan gida, ga barci da sambatu. Masu jinya sukan ce ƙarfin maganin ciwo ne, ko kuma ajali ne ya matso. A auna jininta tukuna. Mai yiwuwa kalshiyam ne ya hau, kuma wannan yana da magani.

Yawancin sankarar wannan wuri daga ƙwayoyin saman fata take tasowa, kuma wani lokaci irin wannan ƙari yakan fitar da sinadarin da likitoci ke kira PTHrP. Aikinsa kwaikwayo ne: yana shigar burtu a matsayin sinadarin da ke daidaita kalshiyam a jiki. Sai ƙashi ya riƙa sakin kalshiyam cikin jini, ƙoda kuma ta riƙe shi maimakon ta zubar. Ba sai sankarar ta kai ga ƙashi ba.

Nan ne matsalar ke cin kanta. Kalshiyam mai yawa yana hana ƙoda riƙe ruwa, jiki ya bushe, ƙodar ta ƙara rauni, kalshiyam ya sake hawa.

A ma'aunin milimol cikin lita, kalshiyam na lafiyayyen jini yana tsakanin 2.2 da 2.6. Ya wuce 3.5, gaggawa ce, domin bugun zuciya kan rikice. A auna albumin (wani furotin da ke cikin jini) tare, don idan ya yi ƙasa, kamar yadda yake ga wadda ta rame, sakamakon kalshiyam zai nuna ƙasa da gaskiya.

Magani na farko ƙarin ruwan gishiri ne ta jijiya, lita 2 zuwa 4 a awa 24, ana lura da zuciya kada ruwan ya taru a huhu. Sai zoledronic acid, maganin da ke hana ƙashi sakin kalshiyam, miligiram 4 ta jijiya, cikin aƙalla minti 15. Ba ya aiki nan take, sai bayan kwana 2 zuwa 4. Allurar kalsitonin, wani maganin rage kalshiyam, ta fi sauri, amma ƙarfinta kan gushe bayan awa 48. Idan ƙoda ta raunana sosai, allurar denosumab ake dubawa a madadin zoledronic acid.

Likita zai dakatar da ƙwayoyin kalshiyam, bitamin D da maganin hawan jini na rukunin thiazide. Muddin ba a taɓa sankarar kanta ba da tiyata, gashin na'ura (radiotherapy) ko allurar sankara, kalshiyam kan sake hawa cikin 'yan makonni, don haka a maimaita gwajin da zarar ƙishirwar ta dawo.