Injin gashi ya tsinka ni ranar suna a Minesota

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara ina gaisuwa, na Ƙofar Ƙaura da na Ƙofar Marusa duk ku matso kusa, yau dai raina a ɓace yake wallahi. Kun ga baƙin injin gashin naman nan da ke bayana kamar durom an kwantar an sa mashi ƙafafu? To shi ne ya tsinka ni gaban mutane ranar Asabar, ni da na sha cika baki cewa duk Miniyafolis, garin da nake zaune a jihar Minesota ta Amurka, babu mai gashi kamata.

Matar abokina ta haihu, ɗan garinmu ne tare muka taso, na ce mashi angon ƙarni ragon suna ka bar mani, ba sai an kai wa kowa ba. Muka je wajen mahautan Somaliyawa, don nan garin su ne da harkar naman halal, dala 380 rago guda, kar wanda ya buga shi a naira don Allah hawan jini zai kama shi. Na ɗauko kafaɗu biyu da cinya biyu na shafe su da yaji tun daren Juma'a, ana idar da sallar asuba na kunna inji na saita shi 250. Nan ƙasar da Faranhait suke awon zafi, 250 ɗin nan wajen 121 ke nan a irin lissafin da muka yi a makaranta.

Wanda bai san injin ba bari in nuna mashi. Ba gawayi yake ci ba, ba gas ba, wasu 'yan dunƙulen garin katako ne da suke ce ma felet, ga su nan a hannuna, sak kashin awaki, buhu dala 18. Ka zuba su a akwatin nan na gefe, akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe a ƙasa irin na cikin injin markaɗe, shi ke tura su kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko a tsakiya, can wani ƙarfe ya yi ja ya kunna su fanka tana hurawa. Wani Ba'amurke Joe Traeger ne ya fara ƙera irinsa a jihar Oregon a shekarun 1980, nawa dai ba na kamfaninsa ba ne, na samu araha ne dala 450 lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba. To duk wayon injin nan yana jikin ɗan tsinken ƙarfen nan da ke tsaye a bangon ciki, kun gan shi, shi ne sensa, shi ke gaya wa kwamfutar ƙara itace ko rage. In ya ji ba daidai ba to komai ya lalace kai kana ɗaki kana shan shayi.

Haka kuwa aka yi. Allon yana ta nuna mani 250, 252, 248, ni ko hankalina kwance, azahar ta yi mutane sun cika gida an kawo masa an kawo sinasir, mata suna ta aiko yara wai ina nama, na buɗe na soka wuƙa, wallahi kamar na soki tayar mota. Awa bakwai fa. Wani dattijo ɗan Daura da ke cikinmu ya leƙo ya ce Malam ko dai ragon nan da sauran kwanansa ne, aka kwashe da dariya, an ce Katsinawa kunya gare mu ba dai tsoro ba, ranar kam kunyar na sha ta ishe ni.

Maƙwabcina wani tsohon Bature ne ya cece ni, ya tsallako da nashi ma'aunin zafi mai waya, ya maƙala tsinken a kan ragar ƙarfen daidai inda nama yake amma bai bari ya taɓa naman ko ƙarfen ba, muka rufe muka jira minti goma sha biyar. 205. Allon injina na cewa 250. Digiri 45 tsakaninsu, ashe tun asuba ɗumama ragon nake ba gashi ba. Kuma abin haushin laifin duk nawa ne, na shimfiɗa takardar foyil a kan farantin da maiƙo ke ɗiga na bar bakinta ya tashi sama ta gefe, sai iskar zafin ta riƙa bi ta nan tana dukan sensa kai tsaye, shi yana jin wuta tsakiya kuma ba komai. Ga shi na cika ragar maƙil da nama mai sanyi daga firij, ga iskar Nuwamba ta Minesota wadda hunturun gida ɗan wasa ne a gabanta, ga ni kuma duk minti ashirin sai na ɗaga murfi na leƙa, duk ɗagawa zafi ya gudu injin ya antaya felet ya wuce gona da iri sannan ya sake faɗowa.

Nan fa na tuna mai balangun unguwarmu da nake raka kawu wajensa da yamma, mutumin nan ba allo ba batir, bayan hannu kawai zai kai saman wuta ya ja gawayi gefe, ya juya naman ya lulluɓe da takardar buhun siminti, kuma ban taɓa cin ɗanye a wajensa ba. Kai ni ƙamshin nan ma da ɗanyar albasa da yaji a takarda, a bar maganar kawai, shekara huɗu rabona da gida.

To duk wanda zai sayi injin nan ko za a aiko mashi da shi gida, ina gaya maka kar ka yarda da allon nan shi kaɗai, nemi ma'auni na biyu, nawa dala 35 na saye shi washegari. Shi ma kar ka yarda da shi sai ka gwada, cika kofi da ƙanƙara ka zuba ruwa kaɗan ka juya, tsoma bakin tsinken, dole ya nuna 32 wato sifili a namu awon, in ruwa mai tafasa ne wajen 212, amma wannan na ƙasa-ƙasa ne kusa da teku, wanda ke kan tudu irin garin Denba na nan Amurka ruwansa tun wajen 202 yake tafasa kar ya ce ma'auninsa ya lalace. Sensan kuma kalli nawa yadda ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya da maiƙo, in ya yi haka jinsa nauyi yake, zafi ya canza sai can daga baya ya farga, bari injin ya huce ka goge shi a hankali da tsumma da ruwan khal, kar ka lanƙwasa shi. Toka ma ka kwashe ta daga kaskon, felet kuma in ya sha danshi kumbura yake ya toshe murɗaɗɗen ƙarfen, ni a bokiti mai murfi nake ajiye nawa yanzu.

Tsinken da ake sokawa cikin nama shi kuma kar ya taɓa ƙashi, soka shi inda tsoka ta fi kauri. Kaza sai cikinta ya kai 165, kafaɗar rago in kana son ta riƙa zarewa da hannu sai wajen 200, kuma in ta kai 160 ta tsaya cak awa ɗaya awa biyu ba lalacewa ba ce, naman ne ke gumi yana sanyaya kansa, ka bar shi ko ka naɗe shi.

Ragon sunan dai sai bayan isha'i muka ci, rabin mutane sun watse, maijego aka kai wa nata a kula, kuma ya yi daɗi ba yabon kai ba, dattijon nan sau biyu ya ƙara. Bari in shiga ciki yatsuna sun ƙandare, kuma don Allah ƙanena in kana kallo ka gaya wa Hajiya yajin ƙuli-ƙulin nan ya kusa ƙarewa, duk wanda zai taho a ba shi.